Tura kod zuwa ma'ajiyoyin Git da yawa da umarni ɗaya: yadda ake yi da inda ake tuntuɓe

Tambayar da aka aiko ita ce: wani ɗan'uwa mai rubuta manhaja yana ajiye aikinsa a GitHub, wani dandalin intanet na ajiye kod ta hanyar Git (manhajar da ke riƙe tarihin sauye-sauyen kod), kamfanin da ya ba shi kwangila kuma ya ce dole kod ɗin ya riƙa shiga ma'ajiyarsu ta GitLab, wani dandali irinsa, shi kuma yana son kwafi na uku a wata kwamfuta da ke ofishinsa. Ya gaji da tura abu ɗaya sau uku, wata rana ma yakan manta da ɗaya. Yana so ya san ko akwai hanyar da zai tura wa duka da umarni guda, da kuma ko akwai haɗari a cikin yin hakan.

Ɗan'uwa, hanya tana nan, kuma Git da kansa ya zo da ita, ba sai ka sauke wata manhaja ba. Layi biyu ko uku za ka rubuta a allon umarni, magana ta ƙare. Sai dai rabin tambayarka na biyu ya fi na farko nauyi, kuma a kansa zan fi daɗewa, domin Git zai kai maka kaya wurare uku, amma bai taɓa ɗaukar alkawarin cewa wuraren ukun za su zauna daidai da juna ba. Wannan nauyin a wuyanka yake, kuma yawancin waɗanda na ga sun sha wuya a kan wannan tsari ba su san da haka ba sai da ɓarna ta riga ta afku.

Tun da Linus Torvalds ya ƙirƙiro Git a shekarar 2005 domin aikin Linux, an gina shi ne ta yadda kowane kwafi na ma'ajiya cikakke ne, ɗauke da tarihin aikin tun daga kwamit na farko (kwamit shi ne kowane sauyi da aka ajiye a tarihin). Babu wata ma'ajiya da Git ya ɗauka a matsayin uwa. Sunan `origin` da kake gani kullum laƙabi ne kawai da `git clone` yake liƙa wa adireshin da ka kwafo daga gare shi, kana iya canza shi ko ka goge shi ba abin da zai faru. Abin da Git ke kira `remote` bai wuce suna da adireshi ba, an rubuta su a cikin fayil ɗin `.git/config`, kuma babu iyaka ga yawan waɗanda za ka iya ajiyewa.

Hanya ta farko ita ce wadda nake zaton kake bi yanzu, wato kowace ma'ajiyar nesa da sunanta:

```
git remote add github git@github.com:sunanka/aiki.git
git remote add gitlab git@gitlab.com:kamfani/aiki.git
git push github main
git push gitlab main
```

Tana da gajiyarwa, amma kada ka raina ta, domin tana da wani amfani da zan dawo kansa. Wani kan ga `git push --all` ya ɗauka maganin matsalarsa ke nan. Ba haka ba ne. A wajen turawa, `--all` yana nufin duka rassa (layukan aiki daban-daban, irin su `main`) zuwa ma'ajiya ɗaya. A wajen ɗaukowa ne, wato `git fetch --all`, yake nufin duka ma'ajiyoyin nesa. Wannan saɓani yana rikita har waɗanda suka daɗe a harkar.

Hanya ta biyu ita ce ainihin amsar tambayarka: suna ɗaya, adireshin turawa da yawa.

```
git remote set-url --add --push origin git@gitlab.com:kamfani/aiki.git
git remote set-url --add --push origin git@github.com:sunanka/aiki.git
```

Lura da cewa na rubuta adireshin duka biyun, har da wanda `origin` yake da shi tun asali. Ga dalili. Muddin ba ka saka adireshin turawa na musamman ba, Git yana amfani da adireshi guda wajen ɗaukowa da turawa. Da zarar ka saka na musamman ko da guda ɗaya ne, sai ya daina tura komai zuwa na asalin, ya koma sabon kaɗai. Wanda ya rubuta layi ɗaya yana zaton ya ƙara wuri, alhali ya sauya wuri ne, kuma Git ba zai yi masa gargaɗi ba. Don haka bayan ka gama, ka rubuta `git remote -v` ka duba da idonka. Ya kamata ka ga layi ɗaya mai ƙarewa da `fetch` da layi biyu masu ƙarewa da `push`. Idan layin `push` ɗaya ne ka gani, aikin bai kammala ba. Idan ka buɗe `.git/config`, abin da za ka tarar ke nan:

```
[remote "origin"]
    url = git@gitlab.com:kamfani/aiki.git
    fetch = +refs/heads/*:refs/remotes/origin/*
    pushurl = git@gitlab.com:kamfani/aiki.git
    pushurl = git@github.com:sunanka/aiki.git
```

Daga nan `git push origin main` zai isa wurare biyun. Wannan saiti a kwamfutarka kaɗai yake zaune, domin `.git/config` ba ya cikin abin da ake turawa. Abokin aikinka da ya kwafi ma'ajiyar gobe ba zai gaji komai daga ciki ba, kai ma ranar da ka sayi sabuwar kwamfuta sai ka sake yi daga farko.

To, yanzu mu zo kan abin da ke faruwa a cikin 'yan daƙiƙun nan bayan ka danna umarnin. Git ba ya tura wa adireshin biyu a tare. Yana bin su ne ɗaya bayan ɗaya yadda aka jera su a fayil, ya buɗe haɗi da na farko, ya tura, ya rufe, sannan ya wuce na biyu. Idan ɗaya ya karɓa ɗaya ya ƙi, ba ya komawa ya janye abin da ya riga ya kai. Akwai zaɓin `--atomic` da aka shigo da shi a Git 2.4 a shekarar 2015, wanda ke tabbatar da cewa ko dai duka rassan da ka tura su shiga ko kada ko ɗaya ya shiga, amma ikonsa bai wuce ma'ajiya ɗaya ba. Tsakanin GitLab da GitHub babu wata yarjejeniya, ba su ma san da zaman juna ba. Saƙon kuskure zai fito a allo, gaskiya ne, amma yana fitowa ne a tsakiyar layuka da dama na lissafin abubuwan da aka matse aka aika, idan kuma na ƙarshe ne ya yi nasara, abin da idonka zai fara sauka a kansa shi ne layin nasarar.

Abin da ya fi wannan damuna shi ne yadda Git ke riƙe lissafinsa. Ga kowane suna na nesa, yana ajiye shaida guda ɗaya ta inda reshe ya tsaya a can, irin su `origin/main`. Suna ɗaya, shaida ɗaya, ko da adireshi goma ne a ƙarƙashinsa. Duk adireshin da ya karɓi turawar, sai a matsar da wannan shaida gaba. Saboda haka kana iya rubuta `git status` ya ce maka reshenka daidai yake da `origin/main`, alhali ɗaya daga cikin ma'ajiyoyin tana baya da kwamit ashirin. Ba ƙarya ya yi maka ba, an ba shi littafi mai shafi ɗaya ne aka ce ya rubuta bashin mutum biyu. Takardun bayanin Git da kansu sun yi wannan gargaɗi: sun ce adireshin ɗaukowa da na turawa, ko da an rubuta su daban, ya kamata su kasance suna nuni ga wuri guda, idan kuma wurare ne daban to a ba kowanne sunansa.

Na taɓa ganin wannan a aikace. Muna wani aiki mu huɗu, muna tura kod zuwa ma'ajiyarmu da kuma ta masu aikin, da irin wannan saiti na suna ɗaya adireshi biyu. Izinin tura wa babban reshe da aka ba mu a ɓangarensu mai wa'adi ne, wa'adin ya cika ba wanda ya lura. Adireshinsu ne na farko a jeri, namu na biyu, don haka kullum abin da ke ƙasan allo nasara ce. Muka yi kusan mako uku a haka. Ranar da za a nuna aikin, injiniyansu ya ɗauko kod daga ma'ajiyarsu ya ɗora, sai ga allon shiga yana nuna kuskuren da muka gyara tun farkon wata, ni kuma ina tsaye ina rantsuwa cewa an tura gyaran. Da na koma kwamfutata na ja allon umarni sama, ga jan layin ƙin karɓa nan a saman kowace turawa, yana nan tun ranar farko. Ba a rasa ko harafi ɗaya na kod ba, amma yardar da aka rasa a wannan ɗakin ta ɗauki lokaci kafin ta dawo.

Tun daga ranar ban ƙara dogara da abin da kwamfutata ke tunawa ba, domin gani ya kori ji. Umarnin da ke tambayar uwar garke, wato kwamfutar da ke riƙe da ma'ajiyar a can, kai tsaye shi ne `git ls-remote`:

```
git rev-parse main
git ls-remote git@gitlab.com:kamfani/aiki.git main
git ls-remote git@github.com:sunanka/aiki.git main
```

Kowanne zai fito maka da lambar shaidar kwamit na ƙarshe, jerin haruffa da alƙaluma guda 40. Git yana lissafa wannan lamba ne daga abin da kwamit ya ƙunsa haɗe da lambar wanda ya gabace shi, shi ma haka har zuwa tushe, saboda haka idan lambobin ukun suka zo ɗaya, to tarihin reshen gaba ɗaya iri ɗaya ne a wuraren uku. Ba sai ka buɗe fayil ko ɗaya ba. Umarnin ba ya sauke kod, don haka kusan ba ya cin data.

A nan ne amfanin hanya ta farko ya bayyana. Idan kowace ma'ajiya tana da sunanta, Git yana riƙe `gitlab/main` daban da `github/main` daban, kuma `git fetch --all` zai sabunta kowanne, sannan `git log --oneline github/main..gitlab/main` ya nuna maka ainihin kwamit ɗin da ke GitLab babu su a GitHub. Ni abin da nake yi shi ne in haɗa hanyoyin biyu: in bar kowace ma'ajiya da sunanta, sannan in rubuta ɗan gajeren umarni da zai bi su ɗaya bayan ɗaya, ya kuma ɗaga murya idan wata ta ƙi.

```
for r in gitlab github; do
  git push --follow-tags "$r" main || echo "AN KASA TURAWA ZUWA $r"
done
```

Za ka ci karo da masu ba da shawarar a bi duk sunayen da `git remote` ya lissafo a tura musu. Ban yarda da wannan ba. Wata rana za ka ƙara ma'ajiyar wani domin ka leƙa aikinsa, ka manta tana nan, umarnin kuma ba ya bambance inda ka nufa da inda ba ka nufa ba. Rubuta sunayen da hannunka ya fi aminci.

Duk wannan gyaran kayan aiki ne. Shawarar da za ta raba ka da ciwon kai ba ta umarni ba ce, ita ce ka tsayar da wace ma'ajiya ce uwa. Wuri ɗaya tak ne ya kamata a riƙa shigar da sabon aiki, a haɗe rassa, a yi gyara. Sauran madubai ne, ba abin da ke shiga cikinsu sai abin da ya fito daga uwar. Taura biyu ba ta taunuwa. Manyan ayyukan da suka shekara suna zaune a wurare da yawa haka suke yi. Linux gidansa kernel.org, kwafin da ke GitHub madubi ne, ba a karɓar gyara ta can. Shi kansa Git, wanda Junio Hamano ke kula da shi tun 2005, yana da kwafi a GitHub da aka rubuta a fili cewa na wallafawa ne kawai, gyara ta imel ake aika shi. PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai, ita ma tana da tata uwar garke, abin da ke GitHub kwafi ne. Waɗannan mutane ba iya Git suka rasa ba, sun san abin da ke biyo baya ne idan ƙofar shiga ta zama biyu.

Abin da ke biyo bayan kuwa ba ya buƙatar wani babban kuskure. Ma'aikacin kamfanin ya buɗe shafin GitLab ya gyara harafi ɗaya a fayil ɗin bayani, ya danna ajiyewa: an sami kwamit a can wanda babu shi a kwamfutarka, babu shi a GitHub. Turawarka ta gaba GitHub zai karɓa, GitLab ya ƙi, tarihi ya rabu gida biyu. Gyaran ba wuya idan aka gano da wuri: ka ɗauko daga duka biyun, ka haɗe a kwamfutarka da `git merge`, ka tura sakamakon ko'ina. Irin wannan ƙin karɓa yakan zo ma tun ranar farko, idan wajen buɗe sabuwar ma'ajiya aka bar zaɓin nan na ƙirƙiro fayil ɗin README, domin wannan kwamit guda ya isa ya ba ta tarihin da ba shi da alaƙa da naka. Ma'ajiyar da za ta zama madubi a buɗe ta fanko, ba komai a ciki. Ka kuma duba sunan babban reshe, saboda tsofaffin ayyuka suna amfani da `master`, GitHub kuma ya koma `main` ga sababbin ma'ajiyoyi tun Oktoban 2020, GitLab ya bi sahu a 2021.

Lokacin da turawa ta ƙi shiga ne hannu ke ƙaiƙayin rubuta `--force`, kuma a tsarin adireshi da yawa wannan shi ne garin neman gira a rasa ido. Umarni ɗaya zai murƙushe tarihin kowace ma'ajiya da ke jerin, har da wadda ke riƙe da aikin wani da ba ka taɓa gani ba. Akwai `--force-with-lease`, wanda ya fi hankali domin yana fara duba ko reshen can yana inda ka bar shi kafin ya murƙushe, amma da me yake gwadawa? Da wannan shaida guda ɗaya ta `origin/main`, wadda ba za ta iya wakiltar wurare biyu ba. Kariyarsa tana da ma'ana ne idan kowace ma'ajiya tana da sunanta. GitLab yana kulle babban reshe daga turawar dole tun daga buɗe ma'ajiya, kuma ina roƙonka kada ka cire wannan kulli don kawai ya tare ka wata rana. GitHub ma yana da dokokin kare reshe da za ka iya kunnawa.

Ɗan'uwan `--force` a wajen haɗari shi ne `git push --mirror`. Sunansa yana da daɗin ji ga mai neman madubi, amma ma'anarsa ita ce a mai da can ta zama daidai da nan ta kowace fuska: a tura komai, a murƙushe abin da ya saɓa, a kuma goge duk reshen da ke can wanda babu shi a nan. Idan ka gudanar da shi daga kwamfutar aikinka, inda wataƙila rassa uku kawai ka taɓa buɗewa, zuwa ma'ajiyar da abokan aiki ke da rassa talatin, to rassansu za su tafi. Wurinsa shi ne daga kwafin da aka yi da `git clone --mirror` zuwa ma'ajiyar da ba mai rubutu a cikinta.

Akwai hanya ta uku, kuma ga wanda ke aiki da data ta waya ita na fi so. A hanyoyi biyun farko, kwamfutarka ce ke ɗaukar kaya ta kai kowane wuri, saboda haka abin da ya kai megabait 50 zai ci maka 100 idan wurare biyu ne, kuma damar da sabis ke da ita ta yanke a tsakiya ta ninka. A hanya ta uku kai sau ɗaya kake turawa, uwar garke ce ke kai wa sauran. GitLab yana da wannan a cikin saitunan ma'ajiya, har a tsarinsa na kyauta: ana ba shi adireshin ɗaya ma'ajiyar da izinin shiga, shi kuma cikin 'yan mintuna bayan kowace turawa sai ya kwafa can, idan ya kasa kuma ya nuna kuskuren a shafin saitin. Sai dai mai matsayin kula da ma'ajiya ne kawai zai iya saita shi, don haka a wajenka sai ka nemi kamfanin. Ɗaukowa daga waje zuwa cikin GitLab kuwa yana cikin tsarin da ake biya. Gitea da Forgejo, waɗanda mutum ke iya ɗorawa a tasa uwar garke, su ma suna da madubin turawa. A GitHub ana yin haka ne ta GitHub Actions, a nan kuma akwai tarko ɗaya: matakin da ke ɗauko kod, `actions/checkout`, kwamit na ƙarshe kaɗai yake ɗaukowa sai an ce masa `fetch-depth: 0`, madubi kuma cikakken tarihi yake buƙata. Babban alfanun wannan hanya shi ne ba ta dogara da saitin kwamfutar kowa ba. Ko wane ne ya tura, madubi zai samu.

Ko wace hanya ka bi, akwai abubuwan da `git push` ba ya ɗauka da kansa. Tambarin siga, irin su `v1.2`, ba ya tafiya sai ka ce a tafi da shi, shi ya sa na saka `--follow-tags` a sama, wanda ke ɗaukar tambura masu bayani da ke kan tarihin da kake turawa. `--tags` kuma yana kwashe duka. Manyan fayilolin da ke ƙarƙashin Git LFS ba a cikin tarihin suke zaune ba, ɗan rubutu ne kawai mai nuni gare su yake ciki, don haka sabon madubi yana buƙatar `git lfs fetch --all` daga uwar sannan `git lfs push --all` zuwa gare shi. Kowane dandali kuma da ƙa'idarsa: GitHub ba ya karɓar fayil da ya haura megabait 100 ta turawar yau da kullum, abin da uwar garken ofishinka za ta karɓa ba musu. Sannan rahotannin matsala, da buƙatun haɗe gyara, da muhawarar da aka yi a ƙarƙashinsu, da saitunan izini, duk ba cikin Git suke ba, a rumbun bayanan dandalin suke. Abin da ya sami GitLab.com a ranar 31 ga Janairun 2017 ya nuna wannan bambanci ƙarara: an goge bayanai daga babban rumbunsu bisa kuskure, aka rasa kimanin sa'o'i shida na irin waɗannan bayanai, amma ma'ajiyoyin Git ɗin kansu ba abin da ya taɓa su. Madubi yana tsare maka kod da tarihinsa ne, ba duk abin da ka gani a shafin aikin ba.

Batun izini ba shi da tsawo. GitHub ya daina karɓar kalmar sirri wajen ayyukan Git tun 13 ga Agustan 2021, saboda haka ko dai mabuɗin SSH ko tokin, wato lambar izini da dandalin ke ba ka a madadin kalmar sirri. Mabuɗi ɗaya da ka ƙirƙira da `ssh-keygen -t ed25519` yana iya yi maka aiki a GitHub da GitLab gaba ɗaya, ka saka rabinsa na fili a kowanne. Kada ka rubuta tokin a cikin adireshin ma'ajiya, domin zai zauna a `.git/config` a fili kowa ya karanta. Idan kuma tokin mai wa'adi ne, ka rubuta ranar ƙarewarsa inda za ka gani.

Abu biyu ne suka rage da nake so ka tsaya a kansu kafin ka rubuta ko layi ɗaya. Na farko amana ce. Kod ɗin da aka biya ka ka rubuta, sau da yawa mallakar wanda ya biya ne, kuma ajiye kwafinsa a asusunka na kanka ba tare da saninsa ba yana iya saɓa wa yarjejeniyarku ko da niyyarka kariya ce. Ka tambaye su, ka sami amsar a rubuce. Idan sun amince, ka tabbata ma'ajiyar GitHub ɗin a rufe take. Rufaffun ma'ajiyoyi kyauta ne a can tun 2019. Turawa tana tafiya da tarihi duka, har da kalmar sirrin rumbun bayanai da wani ya saka a kwamit na bara ya goge washegari, wadda har yanzu tana nan a cikin tarihin. Na biyu, idan akwai tsarin da ke gwada kod ko ɗora shi a kan uwar garke da zarar an tura, ka tabbata a wuri ɗaya kawai yake kunne. In ba haka ba, turawa ɗaya za ta tayar da ɗorawa biyu a lokaci guda, kowace tana taka ƙafar 'yar'uwarta.

Idan ni ne a matsayinka, ga yadda zan tsara. GitLab na kamfanin zan mai da uwa, tunda nasu ne kuma ba makawa wata rana wani daga cikinsu zai taɓa shi. Shi zan kira `origin`, daga shi zan riƙa ɗaukowa, zuwa shi zan riƙa turawa. GitHub ya zama madubi, ta hanyar saitin GitLab idan sun yarda su kunna, idan ba su yarda ba in ba shi sunansa in yi amfani da ɗan umarnin nan na sama, da `origin` a madadin `gitlab`. Kwamfutar ofis kuwa ba zan tura mata ba, zan sa ta riƙa ɗaukowa da kanta, domin yawanci irin wannan kwamfuta ba a iya isa gare ta daga intanet, amma ita tana iya fita. A yi `git clone --mirror` sau ɗaya a kanta, sannan a sa `cron`, mai gudanar da umarni a lokacin da aka tsara, ya riƙa gudanar da `git remote update` kowane dare, ko a lokacin da ka san akwai wuta da sabis. Amfanin kwafi a kusa ya fito fili ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku da dama suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, haɗi ya taɓarɓare a Najeriya da Ghana da maƙwabtansu: masu kwafi a cikin ofis suna iya ci gaba da musayar aiki ta layin cikin gida.

Sai dai ka san madubi mai biyayya ne, duk abin da uwa ta yi shi zai yi. Idan wani ya murƙushe tarihi a GitLab da rana, da dare kwamfutar ofis za ta kwafo murƙushewar. Ma'ajiya irin wannan, wadda ba ta da fayilolin aiki, ba ta ajiye littafin motsin rassa sai an kunna mata, don haka ka shiga cikinta ka rubuta `git config core.logAllRefUpdates true`, yadda `git reflog` zai iya nuna maka inda reshe yake kafin a taɓa shi. Bisa saitin asali, Git yana riƙe shaidar kwamit ɗin da aka yanke daga reshe na kwana 30. Kada kuma ka saka `--prune` a umarnin dare, domin reshen da aka goge a can ya ci gaba da zama a nan. Sau ɗaya a wata, daga cikin wannan madubi, ka rubuta `git bundle create aiki-2025-01.bundle --all`, kana sauya kwanan wata a sunan. Zai dunƙule maka tarihin duka a fayil guda da za ka iya sakawa a filashi ka ajiye a gida. Kafin ka cire filashin, ka gwada `git clone` daga wannan fayil zuwa wani wuri na wucin gadi, ka duba lambar kwamit na ƙarshe, ka gwada ta da wadda `git ls-remote` ya ba ka daga GitLab.